Laifin Karya Ne Ko Na Mai Ita?

Na san tun daga ganin kan wannan magana wasu za su yi dariya, wasu kuwa su ɗaure fuska, su ce ashe yaron nan bai sami abin rubutawa a mujallar makaranta ba sai zancen karnuka. Ina roƙo ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Karya nake nufi, watau macen kare, ba ƙaryar baki ba. Abin da zan faɗa kuwa a gidanmu ya faru, kuma saura kaɗan ya ci ran ƙanena.

Baffana, ƙanen mahaifina, manomi ne da damina, mafarauci ne da rani. Gida ɗaya muke zaune a wani ƙauye kusa da Rimin Gado. Yana da wata karya da muke kira Zabuwa saboda ɗigo-ɗigon jikinta. Ita ce mai gadin turken awaki da dare, ita ce kuma mai tashin zomo in an fita farauta. Shekara biyu da suka wuce, da kaka, ina gida hutu, sai muka fara ganin baƙin karnuka a bayan danga. Ranar farko biyu ne, kafin mako ya zagayo sun kai takwas ko tara. In dare ya yi ba mai runtsawa saboda haushi da faɗa. Suka burma dangar kara, suka tattake shanyar wake, wani ma ya kama kazar maƙwabciyarmu. Mu kuwa abin da muka sani kawai shi ne jifa. Mu jefe su su watse, mu juya baya su dawo.

Rannan da hantsi yara suka iske Zabuwa sun liƙe da wani jan kare a bayan rumbuna. Suka taru suna ihu, suna dukansu da kara da hoge wai don su raba su. Ƙanena, ɗan shekara 7, ya matsa kusa da sandarsa. Sai wani kare daga cikin masu kewayawa ya cafke shi a ƙwauri, ya ruga cikin gonaki. Har yau ba wanda ya san mai shi. Wasu suka ce a nemo gashin karen a ƙona a shafa a ciwon. Allah Ya taimake mu akwai wani malamin asibiti a unguwarmu. Ya sa aka yi ta wanke ciwon da sabulu da ruwa har minti 15, sa'an nan ya ce lalle a kai yaron Kano a ranar, a fara masa allurar rigakafin haukan kare. Sau biyar aka kai shi cikin kwana 28. Ragon da mahaifiyata take kiwo don babbar Sallah, shi aka sayar aka biya kuɗin allura da na mota.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bayan wata biyu Zabuwa ta haifi 'ya'ya bakwai. Biyu aka sami masu so, biyu suka mutu tun idonsu bai buɗe ba. Sauran ukun, da suka fara damun gida, ni aka ba a kwando aka ce in kai su can bakin hanya in ajiye. Na kai su kuwa. Na juyo suna bin ƙafata suna kuka, na sheƙa da gudu. Ban san abin da ya same su ba, amma har yanzu in na bi ta wurin sai in ji kunyar kaina. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina shi ne, duk wannan wahala ba laifin Zabuwa ba ne, ba kuma laifin karnukan da suka biyo ta ba ne. Halitta ce Allah Ya yi musu. Laifinmu ne mu masu ita, domin da mun tsare ta na mako uku kacal, da ba a ciji kowa ba, da ba a sayar da rago ba, da ban zubar da rai uku a bakin hanya ba.

Ban gane haka ba sai ranar da wani malamin dabbobi ya zo garinmu yi wa shanu allura. Baffa ya ba shi labari, ya ce, "Malam, wannan karya ta jawo mana masifa, ina ganin rabuwa zan yi da ita." Malamin ya yi murmushi ya ce, "Baba, in kun rabu da ita kun samo wata, haka za ta yi. Ba ku rubuta ranar da ta fara ba?" Baffa ya ce, "Fara me?" A nan na ga cewa mutumin da ya shekara talatin yana farauta da karnuka bai san lissafin karyarsa ba, alhali ya san na akuyarsa da na saniyarsa. Ni kuma da nake karatun kimiyya a makaranta ban fi shi sani ba. Ga abin da na koya a ranar, da wanda na ƙara bincikawa daga baya.

Karya takan fara neman barbara tun tana wata 6 zuwa shekara guda. Daga nan abin yakan dawo mata kamar bayan kowane wata 6, ko da yake akwai waɗanda sau ɗaya suke yi a shekara. Kowane zuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma kashi biyu ne. A kashi na farko, wanda yakan kai kamar kwana 9, gabanta yakan kumbura, a riƙa ganin ɗigon jini a inda ta kwanta, tana yawan fitsari nan da can. Warin da ke cikin fitsarin nan shi ne ke kiran maza daga nesa. Amma a kwanakin nan ba ta yarda da su, in sun matso sai ta yi musu gurnani ko ta zauna. A kashi na biyu, shi ma kamar kwana 9, jinin yakan ragu, ya tsinke, ya yi haske, ita kuma ta riƙa kawar da wutsiya gefe, tana neman hanyar fita da kanta. To, a nan ne yawancin mutane suke yin kuskure. Da sun ga jini ya ɗauke sai su ce ai ta gama, su sake ta, alhali lokacin ne take ɗaukar ciki. Fita ɗaya ta isa, domin maniyyin kare yakan yi kwanaki da rai a cikin mahaifa. Haihuwa ɗaya ma tana iya zama ta uba biyu ko uku. Cikin kuwa kamar kwana 63 yake yi.

Liƙewar nan da yara suke taruwa a kai ba tsafi ba ce, ba kuma ciwo ba ce. Wani sashe ne na gaban namijin yake kumbura, jikin macen ya riƙe shi, sai kumburin ya saɓe su rabu da kansu, galibi kafin rabin awa. Duka ko fizga ba ya hana ciki, domin aikin gama ya riga ya gama. Abin da yake jawowa kawai shi ne rauni ga dabbobin biyu, da cizo ga mai dukan. Kare da ke cikin tsoro, ba shi da halin gudu, ba abin da ya rage masa sai haƙori.

Wani zai ce, ai tun kaka da kakanni karnuka sake suke yawo, me ya sa yanzu za a ce a kulle su? Amsa ita ce mu dubi ƙasar da muke zaune. Tun 1965 wani malamin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa suka yi rubutu a kan yadda ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano suke cunkushe da jama'a, gona na jikin gona, ba a barin fili ya huta. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Rimin Gado tana da mutum sama da 100,000 a ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 225 ba, watau fiye da mutum 400 a kowane murabba'in kilomita. Yau kuwa mun fi haka nesa. Wanda ya bi hanyar Gwarzo daga Kabuga ya san ba ka fita wannan ƙauye sai ka hango rufin wancan. Saboda haka karya ɗaya in ta shiga lokacinta, karnukan unguwa uku ko huɗu ne za su hallara, kuma ba dajin da za su tafi su yi rikicinsu. A hanyar rijiya za su yi, da hanyar makarantar allo, da inda ƙannenmu suke wasa.

Babban abin tsoro a taron nan shi ne haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, ta cizo take shiga, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkansu daga cizon kare suke samu. Ina kuwa karnukan da ba su san juna ba suke haɗuwa su ciji juna fiye da bayan karya mai neman barbara? In ɗaya cikin tara yana ɗauke da cutar, sauran za su koma gidajensu da ita. Abin takaici shi ne maganin rigakafin ba sabo ba ne. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885, Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya gwada shi a kan wani yaro mai suna Joseph Meister, yaron ya rayu. A nan ƙasarmu ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. To, ta yaya za a kai wannan adadi in kullum ana zubar da sababbin 'yan kwikwiyo marasa uban gida a bakin hanya? Mu yi lissafin aji ɗaya: karya guda, haihuwa biyu a shekara, a ce 'ya'ya biyar-biyar, goma ke nan. A shekara biyar, hamsin, ban da abin da 'ya'yanta mata za su haifa.

Akwai kuma wata cuta da barbarar kan hanya take yaɗawa tsakanin karnuka, wani irin tsiro mai zubar da jini a gaban mace ko namiji. Mafarauta da yawa sun san shi da ido, ba su san ta inda yake shiga ba. Likitan dabbobi yana iya maganinsa da allurai, amma rigakafi ya fi magani.

To, mene ne abin yi? Ba abu ne mai wuya ba, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kwabo.

Na farko, a san ranar da ta fara. Ranar da aka ga ɗigon jini na farko a rubuta a kalanda, ko a ja layi da gawayi a bango. Wannan aikinmu ne mu 'yan makaranta, tun da mu ne masu biro da littafi a gida. A ƙirga kwana 21, in da hali a cika 28 don a sami kwanciyar rai. Sa'an nan a ƙirga wata 6 gaba, a shirya kafin ya zo.

Na biyu, a sa ta a ɗaki mai ƙofa. Ɗaure ta a turke a tsakar gida ba tsaro ba ne, domin mazan za su zo su same ta, ita ce ma ba ta da halin gudu. Dangar kara ba ta tare kare, ko ya burma ko ya tona ƙarƙashi, gajeriyar katanga kuwa tsallakewa yake yi. Tsohon ɗakin ajiya ya isa, muddin yana shan iska, ba ya ɗaukar zafin kwano da rana. A ajiye mata ruwa kullum, a ba ta abinci a kan kari, a share ɗakin a wanke da sabulu don warin ya ragu.

Na uku, in za a fito da ita ta miƙe ƙafa ta yi bayan gida, babba ne zai riƙe igiyar, ba yaro ba, kuma a cikin gida, bayan an rufe zaure. A ɗage mata farauta da bin mutane gona har kwanakin su cika.

Na huɗu, in an yi rashin sa'a ta kuɓuce har sun liƙe, a kore yara, a ƙyale su su rabu. In ba a son cikin, a je wurin likitan dabbobi da wuri, akwai allurar da shi kaɗai ya san yadda ake yin ta. Kada a yarda da masu cewa a saya mata allurar tazarar haihuwa ta mata a kanti. Irin waɗannan magunguna sukan sa mahaifar karya ta cika da mugunya, har ta mutu. Wanda ya tabbata ba ya bukatar 'ya'yanta har abada, akwai aikin cire mahaifa da likitocin dabbobi suke yi a Kano, da kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sau ɗaya ake yi, an huta.

Na biyar, masu karnuka maza su ma da nasu nauyin. Wanda ya ga karensa ya ƙi cin abinci, yana kwana waje, ya dawo da kunne a yage, ya san inda yake zuwa. Ya ɗaure shi. Kuma kowane kare, mace ko namiji, a yi masa allurar hauka tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Wasu sukan ce zancen nan na rashin kunya ne, bai kamata yaro ya yi shi a gaban manya ba. Kunya ado ce, na yarda. Amma a gaban kowa ake zancen kai akuya wurin bunsuru, da dandaƙe bijimin huɗa, ba wanda ya ce an yi rashin ɗa'a. Me ya sa sai an zo kan karya za a sunkuyar da kai? Kunyar da ta hana mu magana ba ta hana yara taruwa a bayan rumbu su kalli abin da idonsu ba.

Wasu kuma sukan ce kare ai ƙazamin abu ne, bai cancanci a ba shi ɗaki ba. Malaminmu na addini ya koya mana cewa hadisan Buhari da Muslim sun halatta ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, kuma a mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Ya kuma ba mu labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Darasi biyu na ɗauka daga nan. Wanda ya ajiye dabba, amana ya ɗauka. Wanda kuma zai kulle ta, dole ya ciyar da ita ya shayar da ita. Batun aikin cire mahaifa kuwa, malamai suna da maganganu a kai, mai shakka sai ya tambayi malaminsa. Amma tsare karya a ɗaki na mako uku, tana ci tana sha, ban ji wanda ya ce haramun ne ba. Ina kuma tambaya, wanne ya fi kusa da zunubi, rufe ƙofa ko zubar da jarirai a rana?

Mafarauta su ma suna da tasu. Sukan ce in an hana karya haihuwa, ina za a sami karnukan gobe? Ai karen bana shi ke maganin zomon bana. Gaskiya ne, kuma ban ce a hana haihuwa ba. Cewa na yi mai karya shi ya kamata ya zaɓi lokaci, ya zaɓi uba. Manomin da ke ware zangarniya mafi kyau don iri, me zai sa ya bar irin karensa a hannun duk wanda ya riga tsallake danga? Baffa ya gwada. Sau biyu muka tsare Zabuwa a tsohon ɗakin kakarmu. Kwana biyun farko ta yi ta kuka da tonon ƙofa, karnuka biyu suka yi ta zarya a waje, da suka ga ba riba suka daina. A karo na uku ya kai ta wurin karen wani abokin farautarsa, lafiyayye, mai gudu, wanda aka yi wa allura. 'Ya'ya biyar ta haifa, kuma tun suna ciki kowanne yana da mai jiransa.

Saura masu cewa talaka ba shi da ɗakin ba kare, shi ma da ƙyar ya sami na kwana. Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, domin na san gidajen da haka abin yake. Amma maƙwabta biyu ko uku masu karnuka suna iya haɗa hannu su tayar da ɗan ɗaki na ƙasa, su sa masa ƙyaure, kowa ya yi amfani da shi in lokacin tasa ya zo. Kwaɓa ƙasa na yini biyu bai kai kuɗin rago ba. Wanda kuwa ya ga ko wannan ba zai iya ba, gara ya haƙura da ajiye mace tun farko.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in mun koma gida hutu mu dubi karnukan gidajenmu, mu riƙe musu lissafi, mu hana ƙannenmu jifar karnuka da taruwa a kansu. Mu koya musu cewa in kare ya ciji mutum, sabulu da ruwa na minti 15 ne farko, asibiti ne na biyu, a ranar ba gobe ba. Ina roƙon iyayenmu su saurare mu ko da maganar ta yi musu nauyi a kunne. Ina kuma roƙon masu unguwanni da dagatai su sa baki, su riƙa tuna wa jama'a, musamman ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta ware don yaƙi da haukan kare. Ƙanena yana nan lafiya, yana aji huɗu a firamare, tabon haƙora huɗu ne kawai a ƙwaurinsa. Allah Ya kiyaye na wasu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muke kiwo, amin.